Akwatin Bangon Gidan Burodi

Garin a ƙarshen hanya yake. In motar haya ta sauke fasinjanta na ƙarshe a gaban gidan burodi, sai ta juya ta koma inda ta fito. Akwai ɗan asibiti mai ɗaki biyu, da Nas guda ɗaya wadda ke raba makonta tsakanin nan da wasu ƙauyuka. Motar asibiti kuwa in an kira ta takan zo, ba a ce ba ta zuwa ba, sai dai sau da yawa kafin ta iso an riga an ja wa mutum mayafi.

Mai Burodi ta san haka tun tana amarya, amma abin bai taɓa tsaya mata a rai ba sai ranar da ta raka mijinta babban asibiti. Mijin tsohon direban babbar mota ne, ya daɗe da ajiye sitiyari amma har yanzu Direba ake ce masa. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya nuna musu, ya ce zuciyar ta kumbura, ta yi rauni, magani zai taimaka, amma irin wannan wani lokaci takan rikice ta daina turo jini ba sallama.

"To likita, in ta yi hakan a gabana, me zan yi?" in ji Mai Burodi.

Likitan ya dube ta, ya ga da gaske take, sai ya ajiye hoton. Ya ce abu biyu ke riƙe mutum kafin mota ta zo: hannun da zai danna ƙirji ba tsayawa, da wata na'ura da ke ba zuciya wuta ta dawo hayyacinta. Ya ce hukumar lafiya na raba irin na'urar ga garuruwan da ke nesa, in sun cika sharuɗɗa. A samu bango mai wutar lantarki inda kowa zai iya kai hannu, a samu mai kula da ita, a kuma samu mutanen gari da za su koyi aiki da ita.

A hanyar komawa Direba ya ga tana ta kallon taga, ya san abin da ke tafe. Ya zungure ta da gwiwar hannu.

"Ke dai uwargida, mutum bai mutu ba kin fara neman mai tashinsa."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, Baban yara," ta ce, ba ta ko juyo ba.

Bango ba matsala ba ne, ga na gidan burodinta nan yana kallon titi, da wuta a jiki saboda injin kwaɓa fulawa. Mai kula ma ga ta. Mutanen ne aiki. Duk wanda ya miƙo hannu karɓar burodi sai ya saurari bayani kafin ta sakar masa leda, har yara suka fara cewa a gida, a aiki wani, su sun haddace. Mai aski ya ce mata shi fa in ajali ya zo babu akwatin da zai tare shi.

"Gaskiya ne," ta ce. "Amma ranar da ka yanki kunnen ɗan mutane, ajali ka ce ko auduga ka nema da gudu?"

Aka yi dariya a shagon, shi ma ya yi, kuma ranar koyo ya zo. Tela ta zo da ƙanwarta. Malamar makaranta ta zo, mai gyaran babur ya zo hannunsa duk baƙin mai. Nas ta kawo wani mutum-mutumin roba, rabin jiki ba ƙafafu, ta kwantar da shi a kan tabarma a ajin makaranta. Kafin a tashi an raɗa masa suna Baƙo. Mazan suka yi ta noƙewa, kowa na tura ɗan'uwansa gaba, sai Mai Burodi ta tattare hannun riga ta durƙusa, ta ɗora tafi kan tafi a tsakiyar ƙirjin Baƙo ta danna har ya yi ƙara. Nas ta ce haka ake so, da ƙarfi, da sauri, kada a ji tausayi.

Kafinta bai halarci koyon ba. Tsoho ne mai yawan barkwanci, shagonsa na tsallaken titi daura da gidan burodin, ya ce gwiwoyinsa sun daina durƙuso sai don Allah. Amma shi ya ƙera wa na'urar gida, ɗan akwatin katako mai ƙofar gilashi da rumfa a sama saboda ruwa. Shugaban kwamitin gari ya so a sa kwaɗo, ya ce ɓarayi ba su san kayan lafiya ba. Mai Burodi ta ce wanda ya faɗi ba zai jira a je neman mai makulli ba. Aka yi ta ja, daga ƙarshe Kafinta ya raba gardama, ya ce shi bai bar wurin saƙala kwaɗo ba, kuma ba zai sake aiki ba.

Ranar da aka kafa na'urar, Nas ta buɗe murfin don a ji. Wata muryar mace ta fito daga ciki, a natse, tana cewa a cire wa mutum riga, a manna faifan roba biyu a ƙirji kamar yadda hoto ya nuna. Direba ya kama haɓa.

"Na shiga uku. A gida mace ke ba ni umarni, ashe in na mutu ma mace ce."

Daga ranar, kowace safiya kafin ta kunna tanda, Mai Burodi kan leƙa gilashin ta ga 'yar koriyar fitilar na ƙiftawa, sannan ta shiga aiki. Watanni suka wuce ba a taɓa ta ba. Gizo-gizo ya gwada yin gida a rumfar, ta share.

Wata rana da hantsi tana fito da burodi daga tanda, ta ji wata ƙara a tsallake kamar an yar da buhu. Ta leƙa. Kafinta ne kwance a bakin shagonsa cikin ɓawon katako, zarto na gefe. Mutane sun fara taruwa, wani na cewa a kawo ruwa, wata na cewa a zaunar da shi. Ta jefar da farantin ta tsallaka. Ta kira shi, ta girgiza kafaɗarsa, ba amsa. Yana wani irin jan numfashi jefi-jefi, kamar minshari, kuma Nas ta gaya musu wannan ba numfashi ba ne.

"Mai aski, kira motar asibiti. Tela, ɗauko akwatin. Ku ja baya."

Ta durƙusa ta fara dannawa. Ƙirjin mutum ba ƙirjin Baƙo ba ne, da ɗumi, da gumi, da ƙanshin katako. Ba ta daɗe ba ta ji wani abu ya yi ƙas a ƙarƙashin tafinta. Hannunta ya so ya ɗago da kansa, ta tilasta masa ya koma. Wani ya sake yin ƙas. Ta ci gaba.

Tela ta iso da na'urar, ta sa almakashinta ta tsarge rigar tun daga wuya. Suka manna faifan, ɗaya a saman ƙirji ta dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hamata. Muryar ta ce kada kowa ya taɓa shi. Kowa ya janye hannu. Sannan ta ce a danna maɓalli. Mai Burodi ta duba ta ga ba hannun kowa a jikinsa, ta danna. Jikin tsohon ya zabura, wata mata ta saki salati. Muryar ta ce a ci gaba da danna ƙirji. Mai gyaran babur ya karɓe ta da ƙarfinta ya fara ƙarewa, ta sake karɓarsa da ya gaji. Bayan wuta ta biyu, tana cikin dannawa, sai ta ji ƙirjin yana turo hannunta. Kafinta ya yi tari, ya motsa ƙafa.

Da motar ta iso yana numfashi da kansa, ko da yake bai san inda yake ba. Aka tafi da shi da matarsa. Mai Burodi ta koma ta tarar da ragowar burodin ya zama gawayi a tanda. Ta zauna a kan buhun fulawa, Direba ya miƙo mata ruwa, ta karɓa ta sha.

Kwanakin farko gari ya ɗauka da yabo. Har daga ƙauyuka ana zuwa kallon akwatin. Sai labari ya zo cewa Kafinta ya rasu a asibiti, zuciyar ta sake tsayawa, wannan karon ba ta dawo ba.

Magana ta juya kamar iska. Waɗanda suka ce ta tashi matacce su ne suka fara cewa an dai wahalar da bawan Allah. Wasu suka ce wutar ce ta ƙona masa zuciya. Wasu suka ce ina ma laifin mace ta hau ƙirjin namiji a tsakiyar titi an yage masa riga. Babban ɗan Kafinta, wanda ke aiki a birni, ya ga hoton ƙirjin mahaifinsa a asibiti da haƙarƙari a karye. Bayan an yi jana'iza ya zo gidan burodin, ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba.

"Inna, ke kika karya wa babana haƙarƙari?"

"Ni ce."

Kamar ya so ta musa. Idonsa ya yi ja.

"Ko tari bai iya yi ba sai da hawaye. Tsoho irin wannan. Da kin bar shi ya tafi cikin sauƙi a bakin shagonsa."

Ta so ta ce masa Nas ta faɗa tun farko cewa hakan na faruwa, ƙashi na ɗinkewa amma ƙwaƙwalwar da ta rasa jini ba ta dawowa. Ta dubi fuskarsa ta ga ba ranar bayani ba ce.

"Allah ya jiƙansa," ta ce. "Ya ba ku haƙuri."

Ya juya ya tafi wurin Shugaban kwamiti. Washegari da safe ta leƙa gilashin ta ga katako zalla. Shugaba ya aiko an ɗauke na'urar, an kai ofishinsa an kulle a durowa, wai sai ƙura ta lafa.

Ba ta je ta tambaya ba a ranar, ba ta je washegari ba. Gaskiyar magana, ita ma abin ya shige ta. In ta sa hannu a kwaɓin fulawa ta danna, sai ta ji wannan ƙas ɗin a tafinta, ta janye. Ta bar wa injin aikin duka, burodin ya dinga fitowa ba yadda aka saba ba. Direba ya daina tsokanarta, wannan ya fi komai nuna mata cewa ta canza.

Ta riga ta yi gaisuwa cikin taro, amma ba ta samu keɓewa da matar Kafinta ba. Da mutane suka ragu sai ta shirya ta tafi. Ta same ta a tsakar gida tana tsince wake a tire, ta rame, idonta ya faɗa. Suka gaisa.

"Yaya, na zo ne in ce in na cutar da shi, ki yafe mini."

Matar ta ture tiren gefe.

"Ya sha ciwo, ba zan ɓoye miki ba. In ya yi numfashi mai zurfi sai ya damƙe hannuna. Da ya farfaɗo ya tambaye ni me ya same shi, na gaya masa. Kin san abin da ya ce? Wai dama ya daɗe yana zargin hannunki, shi ya sa burodinki ke da tauri."

Dariya ta kuɓuce wa Mai Burodi tare da hawaye.

"Autarmu tana aure nesa, kin sani," matar ta ci gaba. "Ta haihu bai ga yaron ba. Ta taho a motar farko, aka ɗora masa jaririn a gefen da ba ya ciwo. Ya gaya mini wanda za a ba kayan aikinsa. Ya nemi gafarata, na nemi tasa. Shekara da shekaru muna tare, ba mu taɓa zama mun yi magana irin ta kwanakin nan ba, kullum yana shago ina gida." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ɗana bai iso ba sai da jikin ya sake rikicewa. Ciwon kawai ya tarar. Kada ki jira ya fahimta, ƙila ba zai fahimta ba. Ni kuma ba zan fita in yi jayayya da shi a bainar jama'a ba, ɗana ne."

"Ban zo neman haka ba, Yaya."

"Na sani. Tashi ki je ki yi abin da ke gabanki."

Da ta fito ba ta nufi gida ba, asibiti ta wuce. Ta tarar da Nas, ta tambaye ta faifan da aka yi amfani da su. Nas ta ce ba a maimaita su, amma sababbi sun iso, ga su a kabad, ba ta san inda za ta kai su ba tunda na'urar na kulle. Mai Burodi ta karɓa ta sa a jaka.

Washegari ba a kunna tanda ba. Masu shayi suka zo suka ga ƙofa a rufe. Can aka hango ta a barandar ofishin kwamiti, zaune a kan benci, jaka a cinya. Direba na gefenta a kujerarsa ta roba da ya ɗauko daga gida, da rediyonsa da robar magungunansa. Shugaba ya iso da makullai a hannu, ya tsaya turus.

"Lafiya, Mai Burodi?"

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Ni aka ba amanar kula da na'urar nan, mijina kuma likita ya ce kada ya yi nisa da ita. Tunda ta dawo nan, mu ma mun dawo."

"Haba, ai na ce na ɗan lokaci ne. Iyalan mamaci ransu a ɓace yake. In aka sake samun irin wannan, wa za a kama? Ni za a kama."

"Ni na danna, ni aka zo wa har ƙofa, ban ce kai ba ne. In an sake, a sake zuwa wurina."

Shugaba ba mugun mutum ba ne, tsoron magana ne da shi. Ya ce za a zauna a duba, ya shige ofis. Da azahar ya fito zai tafi cin abinci, ya kulle ƙofa. Direba ya ɗaga masa hannu.

"Ranka ya daɗe, in za ka daɗe ka gaya mini, in roƙi zuciyar ta jira ka."

Shugaba ya yi kamar bai ji ba, amma bai daɗe ba ya dawo.

Rana ta biyu Tela ta zo da ɗinkin hannu ta zauna tare da su. Mai aski ya leƙo ya ce shi bai zo zama ba, ya dai zo wucewa, ya wuce har la'asar a kan bencin. Masu shayi kuwa suka taru suka sami Shugaba, suka ce su ba ruwansu da wuta ko haƙarƙari, amma burodin da ake kawowa daga birni kafin ya iso ya zama dutse, a sasanta. Akwai kuma waɗanda suka wuce ta gaban barandar suka kau da kai. Mai Burodi ta gan su, ta gaishe su da sunan sana'arsu ɗaya bayan ɗaya, wanda ya amsa ya amsa.

A rana ta uku Shugaba ya fito da na'urar a hannu, yana riƙe da ita nesa da jikinsa.

"Ga ta. Amma ki sani, ba da yawuna ba."

"Na gode, ranka ya daɗe. Ranar Asabar Nas za ta sake koyarwa, akwai wuri."

"Ni da wannan tumbin? In na durƙusa sai an kira mota ta ɗaga ni."

A nan kan bencin ta buɗe murfin, ta sa sababbin faifan yadda Nas ta nuna mata, ta rufe. Ta rungumo ta suka bi titi, Direba na biye da kujerarsa a kai, ta mayar da ita cikin akwatin. Sannan ta buɗe shago ta auna fulawa. Da ta zo dannawa hannunta ya tsaya. Ta ba shi lokaci, ta sake ɗorawa, ta danna.

Ranar Asabar mutanen da suka zo ba su kai na farko ba. Wasu da suka koya a baya sun janye, sun ce ba za su iya ɗaukar abin da ta ɗauka ba. Ba ta ga laifinsu ba. Kafin Nas ta fara, Mai Burodi ta miƙe ta gaya wa waɗanda suka zo abin da ba a gaya mata da kyau ba, ko aka gaya mata ba ta ji ba: za ka iya jin ƙashi ya karye, za ka iya yin komai daidai mutum ya tafi, za a iya zuwa ƙofarka da jan ido. Wanda ya ga ba zai iya ba ya tashi, ba abin kunya ba ne. Mutum ɗaya ya tashi. Sauran suka gyara zama.

Ɗan Kafinta ya koma birni bai yi mata sallama ba. In ya zo ganin mahaifiyarsa yakan bi ta bayan layi don kada ya wuce ta gaban shagon. Ta bar shi da hanyarsa.

Bayan damina wasu mutum biyu suka shigo gidan burodin, ƙura fari fat a gashinsu da girarsu. Daga ramin fasa dutse suke, can bayan tsauni, inda mota ma ba ta kaiwa sai tifa. Babban cikinsu ya ce sun ji labarin abin da ya faru, duka, har da na haƙarƙarin. Su ma an yi musu rashi a wurin aiki, mutum na tsaye da guduma ya faɗi, suna kallo ba su san abin yi ba. Suna da ɗakin maigadi mai wuta, suna so a nuna musu hanyar da ake bi.

"Akwai kwaɗo a ɗakin?" ta tambaya.

"Akwai, Inna."

"To daga waje za a kafa ta. Ku nawa ne za ku koya?"

"Duk wanda ke da hannu."

Nas ta ce ranar Laraba tana da sarari amma babur ɗinta ba zai ɗauki kaya ba. Saboda haka da sassafen Laraba, bayan an fitar da burodin farko, Mai Burodi ta bar wa Direba shago da gargaɗin kada ya ba kowa kyauta don hira. Tifa ta tsaya a bakin titi. Ta miƙa wa direban tifar mutum-mutumin ta taga, ta kama ƙarfen ƙofa, ta taka taya ta hau.